Arthur Ashe: hannun da ya ci Wimbledon da ranar da sojoji suka kore shi daga fili a Legas

Ranar Litinin 16 ga Fabrairun 1976, kwana uku da kashe Janar Murtala Ramat Muhammed, an ci gaba da gasar tanis ta ƙwararrun duniya a filin Lagos Lawn Tennis Club. Arthur Ashe, Ba'amurke baƙar fata wanda wata bakwai kafin nan ya ɗaga kofin Wimbledon, yana karawa da ɗan ƙasarsu Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe. Ya riga ya ci zagayen farko, an shiga na biyu, sai ga sojoji sun kutso cikin filin a fusace, suna ganin raini ne a yi wasa alhali ƙasa na cikin makoki. Ɗayansu ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a gadon baya. Haka ya fice, hannuwa a sama, ya bar kayan wasansa a inda suke, 'yan kallo kuma kowa ya yi ta kansa.

A waɗannan kwanaki Ba'amurke ba shi da farin jini a Legas. Wata guda kafin rasuwarsa, Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ya yi fatali da matsin lambar Amurka a kan batun Angola. Don haka da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya yi yunƙurin juyin mulki, zargin jama'a ya nufi Washinton kai tsaye. Ashe da abokan wasansa suka fake a hannun ofishin jakadancin Amurka har aka fitar da su daga ƙasar, aka ƙarasa gasar daga baya a waje. Abin takaicin shi ne, mutumin da aka tasa ƙeyarsa don kasancewarsa Ba'amurke yana cikin 'yan wasan ƙasarsu ƙalilan da suka yi shekaru suna ja da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda Murtala ya ɗauka abokiyar gaba.

An haifi Arthur Robert Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond, babban birnin jihar Virginia, garin da ya taɓa zama hedikwatar jihohin kudu da suka yi yaƙin basasa don kada a hana su bautar da baƙar fata. A lokacin ƙuruciyarsa doka ta raba makaranta, ta raba kujerar mota, ta raba har filin wasa. Mahaifiyarsa Mattie ta rasu a watan Maris na 1950 tana da shekara 27, sakamakon hawan jinin masu juna biyu, ta bar shi yana ɗan shekara shida tare da ƙanensa Johnnie. Mahaifinsu ma'aikacin hukumar birni ne, shi ke gadi da kula da Brook Field, babban filin wasanni da aka ware wa baƙar fata, kuma gidan da aka ba shi a cikin filin yake. Yaron ya tashi ne da filayen tanis a ƙofar ɗakinsa, ga wurin ninkaya, ga sauran wasanni.

Siriri ne ƙwarai, har yara suka laƙaba masa sunan da ke nufin ƙashi zalla. Ganin haka mahaifinsa, mutum mai tsanani, ya hana shi ƙwallon Amurka, wasan banke-banke da kowane yaro ke buri, don ya san jikin ba zai ɗauka ba. Yana ɗan shekara bakwai ya fara riƙe raket, wato madokin ƙwallon tanis. Wani ɗalibin jami'a mai suna Ron Charity, gwanin baƙar fatar Richmond a wasan, ya lura da shi ya fara koya masa. A 1953 Charity ya miƙa shi ga Dakta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg, likitan da ya gina filin tanis a bayan gidansa, yake tara yara baƙar fata duk lokacin hutun bazara, yana ciyar da su daga aljihunsa. Shi ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon a 1957.

Zaman bai fara da daɗi ba. Ashe ya ƙi karɓar gyara, yana ganin abin da Charity ya koya masa ya isa. Sai da mahaifinsa ya yi takakkiya har Lynchburg ya ba shi zaɓi, ko ya bi umarnin likita ko ya tattara kayansa su koma gida. Ya zauna, kuma ya yi ta komawa duk shekara har 1960.

Tarbiyyar gidan Johnson fuska biyu gare ta. Ta farko ta hali ce: kada yaro ya yi gardama da alƙalin wasa, kuma ƙwallon da ta faɗi kusa da layi a bar wa abokin karawa ko da ta fita, domin likitan ya san fararen masu shirya gasa na neman ɗan dalilin da za su kori baƙin yaro. Ta biyu ta jiki ce. Yaran kan yi aikin gida da gyaran fili, kuma yakan yanke musu sandar tsintsiya irin ta Turawa su riƙa dukan ƙwallo da ita. Wanda ya saba samun ƙwallo da siririyar sanda, idonsa da ƙafarsa ne suka koyi aikin, ba sai ya matse raket da ƙarfin tsiya ba.

Abin da wasan ke yi wa hannu

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin tanis wasa ne da ke gina jiki a karkace. Ga yawancin masu amfani da dama, damƙar hannun kan ɗara ta hagu da kimanin kashi 10 cikin 100, ko ba su taɓa wasa ba. Ɗan tanis kuwa ɓangare ɗaya yake ɗora wa aiki, dubban bugu a mako, shekara da shekaru. A 1977, zamanin da Ashe ke tashe, wasu likitoci a Amurka suka wallafa sakamakon hoton ƙashi na ƙwararrun 'yan wasa 84. Sun tarar kaurin bangon ƙashin damtsen hannun wasa ya ɗara na ɗayan da kusan kashi 35 cikin 100 ga maza, kashi 28 ga mata. Wani bincike da aka yi a Finland a 1995 ya nuna cewa matan da suka fara wasan kafin balaga, bambancin ƙashin hannuwansu ya ninka na waɗanda suka fara daga baya sau biyu zuwa huɗu. Duk wanda ya ga hoton Rod Laver na Ostireliya, bahagon da ya sha kayar da Ashe, zai yi zaton hannun hagunsa aro ya yi daga wani ƙato.

Shi wannan bambanci ba cuta ba ne, amsa ce da ƙashi da tsoka ke ba aikin da aka ɗora musu. Ɓarnar tana zuwa ne idan aikin ya riga jikin girma. Tsokokin da ke riƙe wuyan hannu lokacin da ƙwallo ta bugi raket duk suna haɗuwa ne a wani ɗan tudun ƙashi a gefen gwiwar hannu ta waje. Idan riƙon ya yi tsauri, ko raket ɗin ya yi nauyi, ko mariƙinsa ya fi ƙarfin tafin hannu, girgizar kowane bugu a wurin take sauka, sannu a hankali jijiyar ta fara sassabewa. Ciwon gwiwar hannun da aka laƙaba wa sunan tanis ke nan, kodayake kafinta da mahauci da mai dakan turmi ma suna samunsa. A jikin yaro kuwa akwai wurin da ya fi jijiya rauni, wato guringuntsin da ke ƙarshen ƙasusuwa, inda tsawo ke fitowa, wanda ba ya gama ƙarfi sai an kusa shekara ashirin. Sannan ga kafaɗa: tsokokin gaba masu wurga hannu suna ƙarfi da wuri, na baya masu taka masa birki suna nan da rauninsu. Likitocin wasanni sun fi tsoron wannan rashin daidaito na gaba da baya a kan na dama da hagu.

Mutumin Sabon Birni ko Isa ba ya buƙatar ya taɓa ganin filin tanis kafin ya gane wannan magana, domin dambe ma wasan hannu ɗaya ne. Hannun da aka naɗe da zare shi ke duka, ɗayan na awo da kariya ne, kuma duk wanda ya dubi tsohon ɗan dambe da kyau zai ga kafaɗunsa ba ɗaya ba ne. Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa kowa ya san sunansa. Samarin da wuyan hannunsu ya lalace tun ƙashi bai ƙosa ba, saboda an tura su fage da wuri bayan kaka, babu makaɗin da ya ambace su.

Maganin da masana suka tsaya a kai ba mai tsada ba ne: raket daidai hannun yaro, hutu tsakanin ranakun horo, motsa ɓangaren da ba ya aiki da tsokokin bayan kafaɗa, da barin yaro ya yi wasanni iri-iri maimakon a ɗaure shi a kan guda. Bugun bayan hannu da hannu biyu, wanda Jimmy Connors da Björn Borg da Chris Evert suka yaɗa a shekarun 1970, ya raba nauyin, dama ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai a 2012 Hukumar Tanis ta Duniya ta wajabta ƙwallaye masu laushi da rashin gudu a gasannin yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa. Ashe ya tashi ne a zamanin raket ɗin katako da bugun bayan hannu da hannu ɗaya, wanda ya zama makaminsa mafi kaifi. Sa'arsa ita ce manyan da suka kewaye shi, uba mai tsoron karaya da malami likita, sun dubi jikinsa kafin su dubi kofi.

Daga Richmond zuwa Soweto

Da wariya ta hana shi gasanni da filayen cikin rufi a garinsu, ya koma St. Louis a 1960 ya ƙarasa sakandare, daga nan ya samu gurbin karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka saka cikin tawagar Amurka ta gasar kofin Davis. Ya gama digiri a 1966 ya shiga soja. Ƙanensa Johnnie, wanda ke rundunar sojan ruwa, ya nemi a sake mayar da shi Biyetnam karo na biyu don kada a tura yayansa fagen daga.

A 1968 ya ci gasar US Open ta farko da aka buɗe wa ƙwararru, ya doke Tom Okker na Holan a zagaye biyar. Da yake a rajista shi ba ƙwararre ba ne, dala 14,000 ta wanda ya zo na ɗaya Okker aka ba, shi kuwa ya tashi da kuɗin guzuri na dala 20 a rana. Ya ƙara da gasar Ostireliya a 1970, ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972, ya shugabance ta a 1974.

Tun 1969 ya fara neman biza don shiga gasar Afirka ta Kudu, gwamnatin Pretoria tana hana shi. Ya mayar da hanin abin faɗa, ya ba da shaida a gaban majalisar dokokin Amurka, kuma a 1970 aka dakatar da ƙasar daga kofin Davis. Da aka ba shi bizar a 1973 ya gindaya sharaɗin kada a raba wurin zaman 'yan kallo. Ya kai wasan ƙarshe ya sha kashi a hannun Connors, ya ci na 'yan bibbiyu tare da Okker, ya shiga Soweto ya koya wa yara wasa. Ba kowa ne ya yi murna ba. Wasu 'yan gwagwarmaya baƙar fata sun faɗa masa a gabansa cewa zuwansa wanke gwamnatin yake yi a idon duniya. Suna da hujja, kuma shi kansa daga baya ya koma ra'ayin ƙaurace wa ƙasar gaba ɗaya. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka kafa ƙungiyar mawaƙa da 'yan wasa masu adawa da wariya, a Janairun 1985 kuma 'yan sanda suka kama shi a zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washinton.

Zuwansa Legas a 1976 ba shi ne na farko ba. A 1970 ya zagaya ƙasashen Afirka shida tare da Stan Smith, har da Nijeriya da Ghana, suna koyar da yara. Shekara guda bayan nan, a Yawunde ta Kamaru, ya ci karo da wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Yannick Noah, wanda ya fara wasa da katakon da aka sassaƙa. Ashe ya ba shi raket, ya kira Philippe Chatrier, jigo a hukumar tanis ta Faransa, aka kai yaron makarantar horo a Nice. A 1983 Noah ya ci gasar Faransa. Labari ne mai daɗi, amma yana da ɗaci a ƙarƙashi: sai da yaron ya bar Kamaru kafin baiwarsa ta samu mai reno.

Wannan ne ya sa Ashe bai yarda da dogaro da sa'a ba. A 1969 shi da Charlie Pasarell da Sheridan Snyder suka kafa ƙungiyar tanis ta yara a unguwannin talakawan Amurka, wadda ke haɗa wasa da karatu. A Fabrairun 1977 ya rubuta wa iyaye baƙar fata buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar New York Times, ya ce 'yan ƙalilan ne wasa zai ciyar, su ma rauni guda kan iya gama da su, don haka duk sa'a ɗaya da yaro ya yi a fili ya yi biyu a ɗakin karatu. Wasu sun ga girman kai ne daga wanda wasa ya rufa wa asiri. Amma ya san inda ya fito. Brook Field fili ne na hukuma, da ma'aikaci mai albashi da ke kwana a ciki, kuma gwamnatin da ke nuna wa baƙar fata wariya ce ta samar da shi. A gabashin Sakkwato, inda hare-haren 'yan bindiga tun wajen 2019 suka raba dubban iyalai da gidajensu har wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, fili mai mai-gadi da yaro zai yi wasa a cikinsa ba da fargaba ba tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk mai neman ƙuri'a.

Jikin da ya gaza

Babbar ranarsa ita ce 5 ga Yulin 1975. Yana da shekara 31, Connors na da 22, shi ke riƙe da kofin, bai rasa zagaye ko ɗaya ba a hanyarsa ta zuwa wasan ƙarshe, kuma ya riga ya maka Ashe a kotu a kan zargin ɓata suna. Kowa ya san Connors da ƙarfin abokin karawa yake amfani, in an turo masa ƙwallo da zafi ya mayar da wadda ta fi ta. Sai Ashe, wanda aka sani da zafin bugu, ya ajiye ƙarfinsa. Ya riƙa turo ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, yana karkatar da ita gefe, yana ɗaga ta sama in Connors ya matso raga. Ya ci 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya ci Wimbledon shi ɗaya.

Daga nan jiki ya fara karɓar bashinsa. Diddigen da ya daɗe yana damunsa ya kai shi tiyata a 1977, shekarar da ya auri mai ɗaukar hoto Jeanne Moutoussamy, Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗaura auren. Ya farfaɗo har ya kai wasan ƙarshe na gasar zakaru a Janairun 1979, John McEnroe ya ƙwace da ƙyar. A ƙarshen Yulin shekarar, bayan wani zaman koyar da wasa a New York, zuciyarsa ta buga. Yana da shekara 36, ba ya shan taba, babu ƙiba a jikinsa, amma ciwon na cikin danginsu. An yi masa tiyatar zuciya a Disamba, ya yi ritaya a Afrilun 1980, ya jagoranci tawagar Amurka ta ci kofin Davis a 1981 da 1982. A 1983 aka sake buɗe ƙirjinsa, aka yi masa ƙarin jini don ya yi saurin murmurewa. A lokacin ba a fara gwada jini don gano ƙwayar HIV ba, sai a 1985.

A 1988, shekarar da ya fitar da littafinsa mai juzu'i uku a kan tarihin 'yan wasa baƙar fata na Amurka, ya ɗauki waya wata rana zai danna lamba, yatsun hannun damansa suka ƙi motsi. Hannun ne da ya yi shekara talatin yana damƙe raket. Bincike ya gano ƙurji a ƙwaƙwalwarsa, irin wanda ke kama wanda garkuwar jikinsa ta rushe, aka tabbatar yana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma likitoci suka danganta ta da jinin 1983. Ya ɓoye maganar fiye da shekara uku saboda 'yarsu Camera, wadda ke ƙarama. Da ya ji jaridar USA Today na shirin fasa ƙwai, ya kira taron manema labarai ranar 8 ga Afrilun 1992 ya faɗa da bakinsa, bai kuma ɓoye ɓacin ransa da yadda aka tilasta masa ba. Muhawarar da ta biyo baya, ko sirrin lafiyar wanda ya bar fagen wasa labari ne, har yau ana yin ta a makarantun koyon aikin jarida.

Wata goma ya rage masa, bai yi su a kwance ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, an sake kama shi a Satumban 1992 a gaban Fadar White House yana zanga-zanga a kan korar 'yan gudun hijirar Haiti, ranar 1 ga Disamba kuma ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1993 a New York sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49. Douglas Wilder, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a Virginia, ya sa aka ajiye gawarsa a gidan gwamnati don jama'a su yi bankwana.

A 1997 aka sa sunansa ga babban filin gasar US Open. Shekara guda kafin nan, bayan doguwar taƙaddama a majalisar birnin Richmond, aka kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue, a jere da na janar-janar ɗin da suka yi yaƙin kare bauta. Yana tsaye yara sun kewaye shi, hannu ɗaya riƙe da raket, ɗayan da littattafai, an ɗaga littattafan sama da raket ɗin. Bayan zanga-zangar da ta biyo kisan George Floyd a 2020 aka fara sauke na janar-janar ɗin ɗaya bayan ɗaya, na Robert E. Lee ya sauka a Satumban 2021, nasa ne kaɗai ya rage a titin.